Baƙuwata Mai Tara Ƙuman Kaji

A shekarar da ɓarayin daji suka hana mu noman gonakin nesa, ina koyarwa a makarantar firamare a Ketare. Maigidana ya rasu shekara biyu kafin nan, 'ya'yana suna makarantar kwana, saboda haka ɗaki ɗaya a gidan babu kowa cikinsa. Abin da yayana ya duba ke nan da ya kira ni daga jami'ar da yake aiki, ya ce wata ɗalibarsu za ta sauka wurina na mako biyu. Na tambaye shi aikin me za ta yi, ya ce aikin ƙwari. Na ce wane irin ƙwari ne babu shi a birni sai an zo Ketare? Ya yi dariya ya ce in ta zo na gani.

Ban ji daɗin dariyar nan ba. Shi yana can, bai san yadda muke zaune ba. A lokacin kowa a garin ya yarda cewa ɓarayi ba sa shigowa da ka, sai wani ya faɗa masu gidan da ke da shanu da hanyar da za su bi. Kalmar infoma ta zama ruwan dare a bakin mutane. In aka ga mutum ya cika yin waya a bayan gari, sai a fara kallonsa. In baƙo ya tambayi hanya sau biyu, kafin la'asar labari ya kai wurin 'yan sa-kai.

Ta iso ranar kasuwa a motar Ƙanƙara, kwana biyu bayan ruwan farko. Mace ce siririya, ba za ta wuce shekara talatin ba, da dogon hijabi ruwan toka da takalmin roba irin na maza. Kayanta jaka ɗaya ce da wani akwatin katako da ba ta bari kwandasta ya taɓa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Anti. Ta ce tana da aure, ta bar ɗiyarta wurin uwarta. Ta ce asalinsu mutanen Damari ne ta wajen Sabuwa, amma tun tana ƙarama suka tashi. Ina da ƙawa a Damari, sai na tambaye ta unguwarsu. Ta yi jim kafin ta faɗa, sannan ta ce ba ta da tabbas. Na riƙe wannan a raina. Hausarta ma ba tamu ba ce, ta birni ce.

Washegari da na dawo daga makaranta na same ta kwance rub da ciki a bakin akurkina, rabin jikinta a ciki. Ta shimfiɗa farin faranti, tana share tsagar bangon akurkin da ɗan buroshi, wasu ɗige-ɗige jajaye suna zubowa. In ta ga mai motsi sai ta ɗauke shi da bakin buroshin ta saka a 'yar kwalba mai ruwa. Ruwan yana wari kamar na wurin allura. Ta ce sifirit ne, yana hana su ruɓewa.

Na ce mata ai ƙuman kaji ne, duk gidan da ke da kaza yana da su. Ta ce haka kowa ke kiransu, amma ba ƙuma ba ne. Ƙuma tsalle yake, ƙafarsa shida. Waɗannan tafiya suke, kuma in sun girma ƙafarsu takwas, kamar gizo-gizo. Dangin kaska ne, ƙananan 'yan'uwanta. Aikinta shi ne ta gano iri nawa ne a kajin yankinmu, kowane iri kuma ta san gidan da ya fito cikin danginsu. Ta riga ta yi mako biyu a Faskari, ta kwana uku a Mabai.

Na saurara, na gyaɗa kai. Amma a zuciyata ina cewa: mace ta bar ɗiyarta, ta shiga hanyar da maza ke tsoron bi, don ta ƙidaya ƙafar ƙwaro?

Ni na riƙa raka ta gidaje da yamma, don babu wadda za ta buɗe mata ƙofa ita kaɗai. Yadda take yi iri ɗaya ne ko'ina. Za ta kama kaza, ta hura gashin ƙarƙashin fiffike da na gindin wutsiya, ta goge a kan faranti. Ta kankare ɓawon ƙafar wadda ƙafarta ta yi kaushi. In akwai akuya mai ƙazuwa, ta kankari gefen kunnenta da reza har ya ɗan yi ja. Kowace kwalba ta jefa mata 'yar takarda mai lamba da ta rubuta da fensir. Daga nan ta buɗe littafi ta fara tambaya: kaji nawa, zabi nawa, a wace kasuwa aka sayo su, akwai awaki, akwai shanu, ina suke kwana. Kafin mu fita ta tsaya tsakar gida ta danna wayarta, ta kwafi wasu lambobi masu tsawo.

Tun kwana na uku magana ta fara dawo mani. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu kuma muka yi shekara goma sha biyar muna miƙa wa juna gishiri ta samanta, ta ce mata suna cewa wadda ke tara gashin kaza da fatar akuyar mutane a kwalba ba ƙwaro take nema ba. Wata ta ce tun da baƙuwar ta taɓa kazarta ta daina ƙwai. Wannan bai dame ni sosai ba, na san halinmu. Abin da ya dame ni shi ne maganar maza, wadda maƙwabciyar ta jiyo wurin mijinta: me ya haɗa ƙuman kaji da inda shanu ke kwana?

Na tambayi baƙuwar da kaina muna cin abinci. Ta ce wasu irin suna tashi daga tsuntsu su koma kan dabba ko mutum, dole ta rubuta abin da ke kusa da akurki. Lambobin wayar kuwa wurin da aka samo ƙwaron suke nunawa. Ta ce ƙwaron da ba a san inda aka samo shi da dabbar da aka same shi a kanta ba, ba shi da amfani a wurinsu, ko da babu irinsa a duniya. Amsar ta yi daidai. Ta ma yi daidai fiye da yadda nake so, kamar wadda aka shirya.

Ranar Juma'a da hantsi ta buɗe akwatin katakon. Madubi ne irin wanda ake duba jini da shi a asibiti, tsoho, mai karɓar haske daga rana. Ta ajiye shi a kan turmin da ta kife, ta kira ni. Na sa ido, na ga wata halitta cike da fili, da gashi tsaye-tsaye a bayanta da baki kamar tsinke biyu. Na ja da baya. Ta ce wanda ta share daga akurkina ne.

Ranar ta yi magana fiye da duk kwanakin da ta yi. Ta ce masana sun raba dangin nan gida-gida, kuma abin da suka fara dubawa shi ne inda ƙofar numfashin kowanne take. Kaska tata tana bayan ƙafafun ƙarshe. Masu shan jinin kaji tasu tana tsakiyar jiki, a gefe. Jan nan mai laushi kamar karammiski da ke fitowa a gona bayan ruwan farko, tasa tana can gaba kusa da baki. Mai sa ƙazuwa kuwa ba shi da ita sam, ta fata yake shaƙa, kuma shi da mai cin ƙafar kaza gida ɗaya suke, ko da yake ɗaya yana kan akuya ɗaya yana kan tsuntsu. Ta nuna mani biyu da ido ba zai raba su ba. Ɗaya yana ɓuya a tsagar bango da rana, sai kaji sun kwanta ya fito. Ɗayan ba ya sauka daga jikin kazar. Ana gane su ne da siffar garkuwar da ke bayansu da yawan gashin da ke kanta, sai an ƙidaya ɗaya-ɗaya.

Na ga irin ɗokin da take bayani da shi, na ce a raina wannan ba ƙarya ba ce. Na yi kwana biyu hankalina kwance.

Ranar Litinin da safe muka tashi da labarin an kore shanun huɗar wani Alhaji da ke bakin gari, bijimai huɗu, ana gab da fara huɗa. Ba a harbi kowa ba. An buɗe dangar baya, daidai inda suke kwana, an fita da su ba tare da kare ya yi haushi ba. Gidan nan mun shiga shi ranar Asabar, ni da ita. Ina tsaye ta tambayi uwargidan inda shanun ke kwana.

Ban iya koyar da komai ba ranar. Na dawo gida kafin a tashi, na tarar ta tafi rijiya wankin faranta. Na shiga ɗakin da na sauke ta, na buɗe jakarta. Ban taɓa yi wa baƙo haka ba, kuma ina yi ina jin kunyar kaina, amma ban fasa ba. Na sami littafin. Rabinsa zanen ƙwari ne, ƙafafu da gashi da kibiyoyi. Sauran rabin jerin lambobi ne, kowace lamba da sunan gari da bayanin gida da yawan dabbobi. A shafi ɗaya ta zana unguwarmu, da masallaci da rijiya da hanyar da ta fita daji. Na ga gidana. Na ga gidan Alhajin, an rubuta shanu huɗu, bayan gida.

Na mayar da komai yadda na same shi. Da na tsaya nan, da ban san yadda abin zai ƙare ba. Amma na kasa riƙewa, na leƙa ta katanga na faɗa wa maƙwabciyata, na ce kada ta gaya wa kowa sai na kira yayana. Kafin in samu layinsa, ɗan aiken mai unguwa yana sallama a ƙofa, wai ana kiran Malama da baƙuwarta bayan la'asar, ta zo da littafinta.

Da na gaya mata, ta dube ni ɗan lokaci, ba ta tambayi yadda aka san da littafin ba. Ta ɗauki jakar, ta ɗauki akwatin katakon ma.

Zauren mai unguwa ya cika. Mai unguwa yana kan buzunsa, liman a gefensa, Alhajin da aka yi wa sata ya haɗa kai da gwiwa, shugaban 'yan sa-kai yana tsaye bakin ƙofa da bindigarsa. Muka zauna daga gefe. Mai unguwa dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce ba a kira ta don an kama ta da laifi ba, amma gari yana cikin hali, kuma an ce tana rubuta dukiyar mutane. Ta miƙa takardar jami'a mai hatimi. Shugaban 'yan sa-kai ya ce hatimi ko a tasha ana sassaƙa shi.

Sai ta ce, "Baba, a kamo mani kaza ɗaya daga cikin gidanka."

Aka kamo. Ta goge ƙarƙashin fiffiken a farantin, ta ɗauki ɗigo ɗaya ta sa a gilashi, ta jawo madubin bakin ƙofa inda rana ke shigowa. Mai unguwa ya cire hularsa ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya yi tasbihi, ya ce wa liman ya zo ya ga abin da suke kwana da shi. Aka yi layi, har wasu suna dariya. Ta maimaita masu bayanin da ta yi mani, na ƙofar numfashi da gidajen dangi, ta ce na kazar mai unguwa irin wanda ba ya sauka ne, saboda haka kazar za a yi wa magani, ba bango ba.

Alhajin bai tashi ya duba ba. Da aka natsa ya ce shi bai musa akwai ƙwaro ba. Mutum yana iya ɗaukar ƙwaro a hannun dama, ya ɗauki labari a hannun hagu. Ya ce a tambaye ta wa ke ganin lambobin da take dannawa a waya. Ta ce babu kowa sai ita da malaminta. Ya ce to malamin nata wa ya san shi? Na ga mutanen da suka gama dariya sun koma gefensa.

Mai unguwa ya juyo wurina. "Malama, an ce ke kika ga zanen unguwa a littafin. Haka ne?"

Na ce haka ne. Ban dubi inda take ba.

Hukuncin da aka yanke shi ne, kwalabenta da zanen ƙwarinta nata ne, ta tafi da su. Amma duk shafin da ke da gida ko hanya ko yawan dabbobi za a cire a ƙone, a goge lambobin wayar a gaban kowa, kuma gobe ta bar gari. Ta roƙi a bar ta ta kwafi abu biyu kawai a gaban kowace lamba, sunan gari da irin dabbar. Mai unguwa ya so ya yarda, na ga alama. Shugaban 'yan sa-kai ya ce su ba su iya karatun boko ba, ba za su san me ta kwafa ba. Liman ya ce Malama ai ta iya, ta duba mata. Alhajin ya ce Malama ce ta kai ta gidansa.

Ita da kanta ta yage shafukan. Har da na Faskari da na Mabai, don a haɗe suke. Aka kai su murhun wani mai shayi da ke kusa, aka ƙone.

Da safe ta share ɗakin, ta naɗe tabarma. Ta ce mani in zuba tafasasshen ruwa a tsagogin akurkina in lafta sabuwar ƙasa, kazata mai kaushin ƙafa kuma in riƙa shafa mata man gyaɗa har ɓawon ya zube. Na raka ta bakin hanya ina ta neman abin da zan ce. Da motar ta tsaya, ta riƙe akwatinta ta ce, "Da kin tambaye ni, Anti, da ni zan buɗe maki littafin." Ta shiga.

Yayana ya yi wata biyu ba ya ɗaukar wayata. Shanun ba a gan su ba, ba a kuma kama kowa ba. Wasu suka ce tun da baƙuwar ta tafi ba a sake sata a unguwar ba, wannan ya isa shaida. Da aka sake yi bayan sallah, suka ce ai ta riga ta ba da zanen. Ni kaina, in faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake tuna jim ɗin da ta yi kan unguwarsu a Damari, in ji abin ya dawo mani sabo.

Bayan an gama girbi baƙuwar ta kira ni. Muka gaisa kamar babu abin da ya faru. Sannan ta ce akwai kwalba ɗaya da ta hana ta barci. Abin da ke ciki daga gidan masu ƙofar numfashi a tsakiya yake, amma gashin garkuwarsa bai yi daidai da na kowane iri da ke littattafansu ba. Ta ƙidaya ya fi sau ashirin. Malaminta ya ce mai yiwuwa wanda ba a taɓa rubutawa ba ne, mai yiwuwa kuma sananne ne da ya ɗan bambanta, amma ba za a ce komai ba sai an san inda ya fito an kuma samo wasu. Abin da take iya tunawa shi ne a Ketare ne, a jikin zabuwa, a gidan wata tsohuwa da ke da bishiyar lemun tsami kusa da akurki.

Gida uku na sani masu haka. Ta aiko mani kwalabe da buroshi ta hannun direban motar kasuwa. Na ɓoye su a cikin hijabi kamar mai ɗauke da abin kunya. Gida na farko suka bar ni, don ɗiyar matar gidan tana ajina. Na yi yadda na ga baƙuwar tana yi, na aika mata. Bayan mako biyu ta ce na gama-gari ne. Gida na biyu maigidan ya aiko daga ciki cewa ba sa nan.

Na uku shi na fi zato tun farko. Tsohuwar ta karɓe ni da fara'a, ta kawo mani ruwa, zabinta suna ta kai da kawo a gindin lemun. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce zabi ba sa kamuwa da rana, in dawo wani makon ta sa a rufe su tun asuba. Na koma ranar da ta ce. Na tarar da tsakar gidan shiru, an rushe akurkin an share wurin. Ta ce ta aika da su kasuwar Ƙanƙara gaba ɗaya, tsufa ya zo, ba ta iya bin su. Tana maganar tana kallon hannuna da ke cikin hijabi.

Da na fito na hangi maƙwabciyata a bakin rijiya tare da wasu mata. Suka yi shiru har na wuce.

Na kira baƙuwata na gaya mata. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ba komai, za ta rubuta shi a ƙarshen aikinta a matsayin wanda ba a tantance ba. Ta ce in gaida Baba mai unguwa, in tambaye shi ko ya yi wa kazar magani.